Fatauci Da Kwanan Otel: Garin Da Ba Wanda Ya San Ka

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya tsaga hanyoyi a cikinta, Ya rarraba arzikin bayinsa gari gari domin su riƙa neman juna. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Hadija tun kafin a aiko shi, ya komo da ita cif cif ba a tuhume shi da komai ba, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

 A wannan mako za mu yi magana ne a kan wani abu da ya zama ruwan dare ga 'yan kasuwarmu da ma'aikatanmu, watau kwana a ƙaramin otel na birni. Mutumin Wanke ko Bunguɗu ko Tsafe ya kan ɗauki masara ko waken soya ya nufi kasuwar Dawanau a Kano, wani ya nufi Kantin Kwari saro atamfa da shadda, wani kasuwar Singa saro kayan masarufi, wani kuwa ofis ne ya tura shi Kaduna ko Sakkwato. A da, da yawa daga cikinsu su kan gama harkarsu su kamo hanya ko da dare ya yi. Amma tun da fitinar 'yan bindiga ta kunno kai a Zamfara wajen 2011, mai hankali ba ya son duhu ya riske shi tsakanin Funtuwa da 'Yankara da Tsafe. Saboda haka kwanan birni ya zama tilas, wanda kuma ba shi da ɗan'uwa a can sai ya nemi ɗaki mai sauƙin kuɗi kusa da tasha ko kasuwa. Tambaya ita ce, yaya Musulmi zai shiga wannan ɗaki ya fito da addininsa kamar yadda ya shiga da shi?

Masaukin Jiya Da Na Yau

Kakanninmu fatake ba su san otel ba, amma sun san masauki. Ayarin da ya kan tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja neman goro, ƙarƙashin madugu, yana sauka ne a zango, kuma idan ya isa babbar kasuwa irin ta Salaga kowane falke yana da mai gidansa, wanda waɗansu ke kira fatoma. Haka abin ya ci gaba bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya ya iso Gusau. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ta tsaya ne a kan irin waɗannan masu gidaje. Mai gida shi ke ba baƙo ɗaki da abinci, shi ke ajiye masa kuɗinsa, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke tsaya masa idan an ɗauki shanunsa ko goronsa bashi. Ladansa yana fitowa daga la'adar ciniki, mutuncinsa kuwa yana rataye da halin baƙonsa.

To, a lura da abu guda. Falken da ya sauka a irin wannan gida yana da shaidu. Mai gida ya san ubansa, ya san garinsu. In bai fito sallar asuba ba za a ƙwanƙwasa masa ƙofa. In ya yi abin kunya, labarin zai riga shi isa gida. Otel kuwa ba haka ya ke ba. Ka ba da kuɗi, a ba ka makulli, ba mai tambayarka ɗan wane ne kai, ba mai kula da wanda ya shiga wurinka ko lokacin da ka komo. Duk waɗancan idanu da suka tsare kakanninmu an ɗauke su. Abin da ya saura ga matafiyin yau shi ne tsoron Allah da ya taho da shi daga gida, in ya taho da shi.

Kada wani ya ɗauka cewa kwanan otel shi kansa laifi ne. A'a. Malaman tafsiri da yawa, a wajen bayanin aya ta 29 ta Suratun Nur, wadda ta yi izinin shiga gidajen da ba mazaunin kowa ba ne alhali akwai amfanin mutum a ciki, sun kawo misali da masaukan fatake da a ke ginawa a kan hanyoyi. Larabawa suna kiran irin wannan wuri han ko funduƙ, kuma biranen Musulunci irin su Alƙahira da Fas da Dimashƙa sun cika da su tun zamani mai tsawo. Biyan kuɗin ɗaki haya ce, haya kuwa halal ce matuƙar an san kuɗin an san kwanakin. Haka kuma neman ɗaki mai araha ba abin kunya ba ne. Wanda ya tafi neman riba bai kamata ya cinye ta a kan katifa ba, kuma Allah ba Ya son almubazzarai.

Tafiya Mai Tone Hali

Mu da mu ke koyar da Larabci mu kan nuna wa ɗalibai cewa kalmar safar, watau tafiya, ta fito ne daga tushen da ke nufin yaye lulluɓi. Daga nan ne a ke cewa gari ya waye, daga nan ne kuma a ke cewa mace ta buɗe fuskarta. Magabata suka ce an kira tafiya da wannan suna ne domin tana yaye lulluɓin halayen mutane. An ruwaito cewa wani mutum ya zo gaban Sayyidina Umar zai yi wa wani shaidar kirki, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko sun taɓa hulɗar kuɗi. Da ya ce babu ko ɗaya, sai Umar ya nuna masa cewa ashe bai san mutumin ba. Ku duba, ɗan kasuwar da ya kwana a otel ya haɗa biyu daga cikin waɗannan ma'aunai uku a dare ɗaya, ga tafiya ga kuɗi.

Mutum yana iya zama a sahun gaba a masallacin garinsu shekara talatin, alhali kunyar jama'a ce ke riƙe da shi bai sani ba. Ranar da ya rufe ƙofar ɗaki a garin da ba wanda ya san shi, ran nan zai gane ko wa ya ke bauta wa. Ibnu Majah ya ruwaito daga Sauban cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin waɗansu mutane daga al'ummarsa da za su zo ranar ƙiyama da ayyukan lada kamar duwatsun Tihama, Allah Ya mai da su ƙura. Ba don ba sa salla ba, har ta dare suna yi. Laifinsu shi ne da zarar sun kaɗaita da abin da Allah Ya haramta sai su afka masa. Wannan hadisi ya isa ya hana mai imani barci.

Zaɓen Masauki

Abu na farko shi ne zaɓe. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a cikin otel otel masu sauƙin kuɗi akwai na kirki akwai na banza. Akwai wanda abin da ke riƙe da shi haƙiƙa ba kuɗin kwana ba ne, cinikin giya ne da hayar ɗaki na sa'a ɗaya ko biyu ga mazinata. Irin wannan wuri ba ya ɓuya. Kiɗa na tashi, mata na zaune a bakin ƙofa, kwalabe a kan tebur. Wanda ya ga haka ya ce ai shi barci kawai ya kawo shi, ya tuna cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In ƙarin 'yan kuɗi kaɗan zai kai ka inda babu wannan, to, ka biya, domin abin da ka tsare ya fi abin da ka kashe. In kuwa larura ta tilasta maka, dare ya yi, babu wani wuri, to, shiga ɗakinka ka kulle, kada ka zauna inda a ke sha, gari na wayewa ka tashi.

Mutanenmu na Zamfara sun fi kowa bukatar wannan tunatarwa. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau ran 27 ga Oktoba 1999, aka fara aiki da ita a farkon 2000, an hana sayar da giya a fili a jiharmu. Saurayin da ya tashi a Wanke yana iya kai wa shekara ashirin da biyar bai taɓa ganin mashaya ba, sai ranar da maigidansa ya aike shi Legas ko Anaca. Doka ta tsare shi a gida, amma doka ba ta bin mutum cikin mota. Wajibi ne ga iyaye da iyayen gida su gaya wa yaran da su ke aikawa abin da za su tarar, su kuma nuna musu inda za su sauka. Rigakafi ya fi magani.

Salla A Ɗakin Haya

Da ka shiga, fara da addu'ar sauka da Annabi ya koyar, wadda Haulatu 'yar Hakim ta ruwaito, tana cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, ta neman tsari da cikakkun kalmomin Allah daga sharrin halittunsa. Sa'an nan ka nemi alƙibla tun da sauran haske. A ƙasarmu tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa, amma baƙo ya kan rikice a cikin gini, saboda haka tambayi Musulmin wurin ko ka dubi masallaci mafi kusa.

Kada ka yi tafiya ba buta ba darduma. Asalin abubuwa tsarki ne, ba a ɗora maka binciken wanda ya kwana a ɗakin jiya ba, kuma waswasi ba ibada ba ne. Shimfiɗa dardumarka a inda babu najasar da ido ke gani, ka yi sallarka. Idan ka yi shakka ko najasa ta taɓa tufarka, malamanmu na Malikiyya sun ce a yayyafa mata ruwa. Amma ka kula da bokitin banɗaki. Sau da yawa akwai ragowar sabulu a cikinsa, ruwan da sabulu ya canza wa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi kuwa ba a alwala da shi, ba a wankan janaba da shi, ko da ya ke yana da tsarki a kan kansa. Ɗauraye shi tukuna, ko ka tari ruwanka a buta. In famfo ba ya kawo ruwa kullum, ɗebi na asuba tun da dare.

Game da ƙasaru, a mazhabar Imamu Malik sunna ce mai ƙarfi ga wanda tafiyarsa ta kai mil 48, watau kimanin kilomita 80, kuma ba tafiyar saɓo ba ce. Wanda ya shigo Gusau daga Wanke ko Bunguɗu ko Tsafe zai cika sallarsa ko da ya kwana a otel, domin tazarar ba ta kai ba. Wanda ya tafi Kano ko Kaduna ko Legas kuwa zai mai da azahar da la'asar da lisha raka'a bibbiyu tun daga inda ya wuce gidajen garinsu. Magariba da asuba ba a taɓa su. In ya isa ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, abin da ya kai salla ashirin, to, ƙasaru ta yanke daga lokacin da ya yi niyyar, kuma Juma'a ta hau kansa. In kuwa jiran kaya ya ke yi ko jiran biya, kullum yana cewa gobe zan tafi, to, zai ci gaba da ƙasaru ko da kwanakin sun yi yawa. Idan ya bi limami mazaunin gari sai ya cika tare da shi. Haɗa salla biyu a lokaci ɗaya rangwame ne ga wanda ke bisa hanya. Wanda ya ajiye jakarsa a ɗaki, ya ba kowace salla lokacinta.

A nan ne da yawa su ke tuntuɓe. Allah Ya rage wa matafiyi raka'o'i, bai ɗauke masa salla ba. A gida ladan ne ke ta da kai, ko iyali, ko maƙwabci. A otel ba mai ta da kai. Wanda ya raba dare yana kallon talabijin ko yana latsa waya, ya farka rana ta fito, kada ya ce tafiya ce ta jawo. Yadda ka ke sa ƙararrawa don kada motar farko ta bar ka, haka za ka sa ta don asuba.

Rasidi Da Amana

Yanzu sai maganar kuɗi. Da yawa daga cikin masu kwana a otel ba da kuɗinsu su ke tafiya ba. Wannan yaron kanti ne, wancan ma'aikacin gwamnati ko na kamfani, wancan kuma an ba shi jari ne ya juya a raba riba, abin da malaman fiƙihu ke kira ƙirali. Imamu Malik ya yi bayani a Muwaɗɗa cewa mai juya dukiyar ƙirali, idan ya yi tafiya da ita kuma tana da yawan da za ta ɗauka, yana da haƙƙin ci da tufafi daga cikinta gwargwadon abin da aka saba, amma ba shi da wannan haƙƙi yana zaune a garinsu. Ma'aunin dai shi ne abin da aka saba, ba abin da rai ke so ba.

Wata mummunar al'ada ta yaɗu. Mutum zai kwana a ɗaki mai araha, da safe ya ce wa akawun otel ya rubuta masa rasidi na ninki biyu ko uku, ya ba shi na goro, ya kai wa maigidansa ko ofishinsu a biya shi. Waɗansu ma sun daina ganin wannan laifi ne, suna kiransa dabara. To, a bambance abu biyu. In an yanka maka kuɗin kwana ne a dunƙule, aka ce naka ne ko ina ka ga dama ka kwana, sai ka tsimi kanka ka rage, ragowar halal ce gare ka. In kuwa sharaɗin shi ne a biya ka abin da ka kashe, to, kowace naira da ka ƙara a takarda ƙarya ce da cin amana, kuma akawun da ya rubuta abokin tarayyarka ne a zunubi. Cewa dukiyar gwamnati ce ba ya sauƙaƙa abin, ƙara masa nauyi ya ke yi, domin masu haƙƙin sun yi yawan da ba ka iya bin su ka nemi gafara.

Ga abin tsoro a nan. Addu'ar matafiyi tana cikin addu'o'in da a ke karɓa. Amma a hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, wanda shi ne na goma a cikin Arba'una ta Imamu Nawawi da yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, Annabi ya siffanta mutumin da ya yi doguwar tafiya, kansa ya yi buzu buzu, jikinsa ya yi ƙura, yana ɗaga hannu yana kiran Ubangijinsa, alhali cinsa da shansa da tufarsa duk haram ne, ya nuna cewa da wuya a amsa masa. Ɗan'uwa, kai da za ka bi hanyar Tsafe kana roƙon Allah Ya kai ka gida lafiya, ina dabara a cikin sayar da karɓuwar addu'arka saboda rarar kuɗin ɗaki?

Ƙofa A Rufe

Babbar jarrabawa ita ce ta mata. A waɗansu wurare ma'aikacin otel da kansa zai tambaye ka ko kana bukatar abokiyar hira, a waɗansu kuma waya ta isa. Shaiɗan zai ce maka wa ya gan ka? Tuna da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Saurayi ne, baƙo ne a Masar, nesa da mahaifinsa, an rufe ƙofofi, mai kiran nasa kuma ita ce uwar ɗakinsa. Duk abin da ke sauƙaƙa saɓo ya taru a kansa, amma ya nemi tsarin Allah ya nufi ƙofa da gudu, daga baya ma ya zaɓi kurkuku a kan abin da a ke kiransa gare shi. Ba a ba mu wannan labari don hira ba.

Kada ka yarda ka kaɗaita a ɗaki da macen da ba muharramarka ba, ko da abokiyar ciniki ce, ko da lissafi za ku yi. A yi lissafin a fili. Ka tuna matar da ka baro tana tsare maka gida da 'ya'ya, tana yi maka addu'ar dawowa lafiya. Mutum nawa ne suka kai wa iyalinsu tsarabar cutar da ba su ji ba su gani ba? Abin da ba ka so a yi a gidanka kana nesa, kada ka yi shi a garin wasu.

Masu otel su ma su ji tsoron Allah. Saukar da baƙo aikin Annabi Ibrahim ne, kuma wanda ya gina masauki mai tsabta da ruwa da wurin salla, ya sa kuɗi daidai ƙarfin talaka, yana da lada tare da ribarsa in niyyarsa ta yi kyau. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma wanda ya san ɗakinsa na alfasha za a karɓa ya miƙa makulli, kuɗin da ya karɓa ba halal ba ne, da su kuma zai ciyar da 'ya'yansa.

Sauran ladubban gajeru ne. Na ɗakin kusa da kai maƙwabcinka ne na dare ɗaya, kuma aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da kyautata wa aboki na gefe da ɗan hanya. Kada ka dame shi da rediyo ko hayaniyar waya, kada ka leƙa ɗakinsa. Tawul da zanen gado da ƙwan lantarki amana ne, ba tsaraba ba. Abin da ka tsinta a ɗaki na wanda ya riga ka ne, miƙa shi ga masu wurin a gaban shaida. Kulle ƙofarka, kashe abin dafa ruwa, ka nisanta maganin sauro mai hayaƙi daga katifa, domin Annabi ya yi umurni da rufe ƙofofi da kashe wuta lokacin barci. Kada ka ƙirga kuɗi a gaban mutane. Ka sanar da iyalinka inda ka sauka. In ka gama abin da ya kai ka, kada ka ƙara kwana don jin daɗin birni, domin Annabi ya siffanta tafiya da cewa yanki ce ta azaba, ya kuma umurci wanda ya biya bukatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa.

Allah Ya tsare matafiyanmu a kan hanya da cikin masauki. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina da ta addabi ƙasar Zamfara da sauran ƙasashen Musulmi, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai. Allah Ya sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau, Ya azurta mu da halal, Ya sa mu cika da imani. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.